Haƙorin da Baba Ke Jin Inji da Shi

Mahaifina da haƙori yake jin inji. In na faɗi haka a Birnin Kabi sai a yi dariya, a ɗauka irin zuƙin mutanen bakin gulbi ne, alhali ko kusa. Kunnuwansa sun mutu tun ina goye. Da ƙuruciyarsa nutso yake yi, shi ake kira in komar masunta ta maƙale a ƙasan ruwa ko jirgi ya kife da kaya, har dodon kunnensa ya fashe, ruwa ya yi ta shiga, mugunya ta yi ta fita. Ƙarshe dai ko aradu ce ta faɗi a tsakar gida, sai ya ga kaji sun watse kafin ya san an yi wani abu. Da nutso ya gagara sai ya koma gyaran injin jirgi a mashigin ƙauyenmu, wanda ke gaɓar Kwara, ƙasa kaɗan da Lolo.

Kayan aikinsa duka ba su cika buhu ba, kuma kowa na iya ara, ban da wani rodi mai tsawon hannu da ya sassaƙa wa kai da icen ƙirya. In an kawo masa inji mai ƙara, sai ya sa a tayar, ya dafa bakin rodin a jikin ƙarfe, ya ciji icen da turmin haƙori, ya rufe ido. Duk abin da ke gudana a ciki sai ya biyo rodin ya shiga muƙamuƙinsa ya hau kansa. Ya matsa nan ya cija, ya matsa can ya cija, can sai ya tofar da yawu ya ce a kwance wuri kaza. Ya sha gwada dafa rodin a goshi da bayan kunne, ya ce yana jin motsi amma a dagule, kamar hirar mutane ta bayan katanga. A haƙori kawai abin ke fita masa tar.

Wannan aiki da goro da shekaru su suka cinye masa baki. A shekarar da nake ba da labari, shekarar da ruwa ya ci shinkafar fadama tun tana ɗanya, turame biyu kaɗai suka rage masa masu haɗuwa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ta ɓangaren hagu. Da su yake tauna, da su yake ji. Sai na ƙasan ya ruɓe.

Ni ne ɗan fari, kuma gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Na yi gemu, na aje iyali, amma ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In zai yi zancena sai ya ce wancan mutum. Inna kuwa ta ma fi shi, ita sai ta ce masu jirgi, tana kallon wani wuri, kamar mu goma ne. Ba ma zama tabarma ɗaya, ba na kallon tsakiyar idonsa. Duk maganar da ke tsakaninmu ta hannun Baffa take bi, ƙanensa da ke bi masa. Shi ne ya iya yi masa magana a hankali yana karanta leɓe, suna haɗawa da wasu alamun hannu nasu na tun yarinta. Ban taɓa ganin laifin wannan al'ada ba, a cikinta na buɗe ido. Sai dai Allah ya yi ni da zuciya a kusa, kuma mai zuciya a kusa in an hana shi magana, cikinsa ne ke tafasa.

Jirgin da nake tuƙawa namu ne ni da Baffa. Ba irin dogayen kwalekwalen katako ba ne da ake rataya wa inji a baya. Na roba ne, tsoho, Baffa ya samo shi ta hannun wani dillali a Kwatano. Injinsa kwance yake a ciki kamar na mota, ƙafarsa kuma, wato abin da ke ɗauke da farfela, tana waje ta baya, an huda jikin jirgin an haɗa su. In ka murɗa sitiyari, ƙafar ce ke juyawa gaba ɗaya. Babu irinsa a yankinmu, babu kuma mai gudunsa, shi ya sa in naƙuda ta gagara ko maciji ya sari mutum a gona, ƙofata ake bugawa.

Ciwon haƙorin ya fara kamar wasa. Inna ta yi ta dafa ruwan gishiri, ta daka kanumfari ta ba shi ya danna. Wani maƙwabci ya kawo shawarar ruwan batir, Baffa ya kore shi. Kunci ya kumbura ya saɓe, ya sake kumbura, a karo na gaba kuma bai saɓe ba, sai ma ya gangaro ƙasan muƙamuƙi ya yi tauri. Mai kemis ɗin ƙauyenmu, mutum ne mai tsoron Allah, ya duba ya ba da ƙwayoyi, ya ja Baffa gefe ya ce wannan ya wuce kemis, ya wuce wanzami. Ya ce a kai shi asibiti a cire haƙorin a tsage ƙurjin, don irin wannan kumburi in ya sauka wuya numfashi yake tarewa. Hanyar mota zuwa Bagudo ruwa ya yanke ta a wurare da dama. Mafi kusa gare mu shi ne asibitin tsallaken iyaka, ta sama, inda ruwa ke gangarowa. Da ƙyar da siɗin goshi Baffa ya shawo kan Baba ya yarda.

Muka kama hanya da hantsi, jirgi cike da fasinja da buhunan albasa. Baba na zaune can baya kusa da inji, ya naɗe fuska da rawani, ya tuɓe takalmi kamar yadda ya saba in ya shiga jirgi. Na san jirgin na wata ’yar ƙara tun kwanaki, na gaya wa Baffa, muka ce ƙila farfela ce ta taɓi yashi, in an samu sarari a duba. A miƙaƙƙen ruwa ba ka jin komai. Amma akwai wata kwana sama da ƙauyenmu, inda tsibirin yashi ke tilasta maka ka murɗa sitiyari har ƙarshe kana ba da wuta. A nan sai ka ji wani gurnani daga baya, jirgi ya ɗauki rawa har cikin cinyarka, da ka miƙe kuma ya ɗauke. Ranar ma haka ya yi. Ina miƙewa sai na ji muryar Baba, irin muryar kurma da ba ta san girmanta ba.

“Ce ma wancan mutum shi sake kwanar ga.”

Ta tafin ƙafa ya ji. Baffa ya yi masa alamar asibiti, ya nuna rana, ya nuna kuncinsa. Baba ko kallonsa bai yi ba. Na juya jirgi, fasinja na gunaguni, na sake shiga kwanar, gurnani ya sake tashi. Baba ya dafa tafin hannu a bayan jirgi. Sannan ya ce a sauke mutane a mashigi na gaba su nemi wani jirgi, mu kuma mu koma gida. Baffa ya roƙe shi, ya ce mu ƙarasa, a cire haƙori, in an dawo sai a duba jirgi a tsanake. Baba ya ce:

“In anka cire shi, wa ka jin jirgin ga?”

Wallahi da wani ne ba shi ba, da na ba jirgi wuta na yi gaba, ya yi ta faɗa har ƙofar asibiti. Na riƙe sitiyari gam. Na dubi Baffa, Baffa ya sunkuyar da kai. Haka muka sauke mutane da albasarsu, wata tsohuwa na ta tsine mini, muka juyo gida da mara lafiyarmu.

Na ɗauka da mun isa zai ciji rodi sau ɗaya a gama. Ina! Baba ba ya aiki haka. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, amma ba a fara zargin ciki sai an wanke waje, kuma cizon da ya rage masa ba shi da yawa, ba zai ɓata shi a kan abin da ido ke iya gani ba. Ya zauna a kan kututture a mashigi, yana ba Baffa umarni, Baffa na miƙo mini. Na cire farfela, ya shafa fukafukanta ɗaya bayan ɗaya, ya kwantar da ita a kan katako ya duba ko ta karkace. Ya ga ’yar tsaga a baki, ya sa muka ɗaura wata. Ya sa na tona bayan farfela ko zaren masunta ya naɗe sandar, na fito da ɗan guntu, bai kai ya kawo ba. Ya sa na tsiyaye man giyar ƙafa a kwano mai tsabta, ya ɗaga shi a rana ya ga bai yi fari ba, wato ruwa bai shiga ba, ya murza a yatsa bai ji garin ƙarfe ba. Ya sa na bi notukan da ke riƙe da inji da sufana, na duba robobin da injin ke zaune a kai, na cire fulogi na goge. Duk abu ɗaya da muka taɓa sai an fita gulbi an gwada kwanar, don ya ce in ka canza abu biyu tare ba za ka san wanda ya yi magani ba. Gurnani na nan daram.

A cikin waɗannan kwanaki tuwo ya gagare shi, ya koma kunu, kunun ma da cokali ta gefen baki. Bakin ya daina buɗewa sosai. In ya zauna kusa da kai za ka ji wari. Da zazzaɓi ya taso sai ya lulluɓa da bargo a tsakiyar rana, ya ci gaba da nuna abin da za a kwance. Inna ba ta cewa komai a gabansa. In ta kawo kunu mashigi sai ta tsaya tana kallon ruwa, ta ce wa iska ai da masu jirgi sun yi sauri da aikin nan da an huta. Kamar ni ke jan aikin! Ina jin haka sai in ji kamar in ɗauki guduma in farfashe jirgin kowa ya huta. Na faɗa wa Baffa ma, na ce mu ja shi tudu mu rufe da tamfol, in rantse ba zan sake hawansa ba har Baba ya dawo daga asibiti. Baffa ya kai maganar. Baba ya ce in ya dawo ba haƙori, jirgin zai koma ruwa da ciwonsa a ciki, kuma ya san wancan mutum, ba ya iya kallon jirgi a tudu. Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Da waje ya ƙare sai ya ce a yi lodi. Ƙarar ba ta fita sosai sai da nauyi, don haka muka cika buhuna da yashi muka jera kamar fasinja. Aka kama Baba ya shiga, ya durƙusa a bayan inji, Baffa na riƙe da ƙugunsa. Bakin bai buɗu yadda icen zai shiga ba, sai da ya sa yatsa ya taɓe leɓe ya tura shi ta gefe. Na shiga kwanar, na murɗa sitiyari, na ba da wuta. Ba na iya waiwaye sosai, amma na ga lokacin da ya dafa rodin a kan inji ya cija. Jikinsa duka ya miƙe kamar an tsikare shi da wuta. Ya saki, ya numfasa, ya yi alama a sake. Na kewayo. Ya dafa a wani wuri. Ya ce a sake. Ban san sau nawa na kewaya tsibirin yashin nan ba, na dai san ina kuka ina zagin jirgi da uwar wanda ya ƙera shi, ƙarar inji na rufe mini asiri. A kewayen ƙarshe ya kwanta rub da ciki, ya zura rodin can ƙasa, inda sandar inji ke fita ta hudar jirgi ta shiga ƙafa. Ya cija ya daɗe. Da ya zare icen, jini da mugunya suka biyo shi har gemu. Ya nuna wurin da yatsa, ya kwanta a kan buhun yashi ya rufe ido.

Aka tara maza aka ja jirgi bisa gungume zuwa tudu. Muka kwance ƙafar, mutum uku suka rungume ta suka aje a kan tabarma. Tsakanin ƙafa da jikin jirgi akwai wata baƙar roba mai ninki-ninki kamar maƙogwaro, ita ke hana ruwa shiga. Da Baffa ya lanƙwasa ta sai ga tsaga ta ƙasa, a cikin ninki, inda ido ba ya kaiwa. Ruwa mai jan tsatsa ya zubo. A cikin robar ne gaɓar ƙarfen da ke ba ƙafa damar juyawa take, da wani boris, zoben ƙarfe mai ’yan ƙwallaye, da sandar ke bi ta cikinsa. Boris ɗin ya ci kansa, in ka juya shi da yatsa sai ka ji kamar ana niƙa tsakuwa. Gaɓar kuma saura ƙiris ta rabu. Baffa ya yi salati a hankali. Ba sai an yi mini bayani ba. Da ta tsinke a kwanar nan ina ba da wuta, za ta yage robar gaba ɗaya, ruwa ya shigo ta huda mai faɗin kan mutum, a inda gulbi ya fi ƙarfi, da mata da ’ya’ya a ciki. Na zauna a ƙasa.

Baffa ya ce to alhamdulillahi, an gano, sai a ɗan cika ta da giris a ɗaure robar a mayar, a lallaɓa a kai Baba asibiti a hankali, tafiya ɗaya tak. Ni ma abin da ke raina ke nan. Baba na kallon leɓen Baffa. Ya miƙa hannu a ba shi gaɓar, muka ɗauka dubawa zai yi. Ya tashi yana tangaɗi, ya taka har bakin ruwa, ya wurga ta cikin gulbi iya ƙarfinsa. Ya dawo ya zauna a kan kututturensa.

Muka ce to shi ke nan, gobe jirgin maƙwabcinmu mai injin rataye zai hau sama, sai ya bi shi. Baffa zai raka shi, ya kai shi asibiti, ya wuce kasuwar ’yan gyara ya nemo sabon ƙarfe. Baba ya girgiza kai. Ya ce kayan jirgin nan ba sabo ake samu ba, na hannu ne, kuma na hannu yakan zo da ciwonsa. Sai an kawo an ɗaura ya ji da haƙorinsa, sannan a cire haƙorin a jefa wa kifi in ana so.

A nan ne zuciya ta ɗebe ni. Abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na je na tsaya a gabansa, na durƙusa har fuskata ta yi daidai da tasa, don ya ga bakina. Na ce masa mutuwa zai yi. Na ce ba na son jirgin, na yafe shi, a ƙone shi. Na ce in don ni yake yi, to ban gode ba. Da ƙarfi na faɗa, duk mashigi na ji, masu wankin kaya suka tsaya cak. Bai kalli bakina ba. Ya kau da kai gefe kamar yadda ya saba, ya kafa wa ƙasa ido har na gaji na yi shiru. Sannan ya dubi Baffa, magana na fita da ƙyar ta tsakanin haƙora.

“Ce mai ba don shi nika yi ba. Don mutanen da shika ɗauka na.”

Bai ji abin da na faɗa ba, ba kuma wanda ya tambaye shi don wa yake yi. Na tashi na bar wurin, na je bayan rumbu na yi ta dukan bango da hannu har fata ta saɓule. Ina son mutumin nan, kuma ranar na ƙi jininsa kamar in mutu.

Baffa ya hau sama shi kaɗai. Ya dawo ya ce babu irin ƙarfen a kusa, amma an yi waya Kwatano, za a sako shi a mota. Ya zo da wasu ƙwayoyi da allurai, mai kemis ya yi ta yi wa Baba. Kumburin ya ɗan tsaya, har muka fara cewa ko Allah ya kawo sauƙi. Baba na fitowa mashigi da safe ya zauna kusa da jirgi, ya sa na wanke cikin hudar da kananzir, ya sa na toshe ta da tsumma kada ƙasa ta shiga. Duk jirgin da ya gangaro daga sama sai ya ɗaga kai ya bi shi da ido ko saƙo ne.

Ranar kasuwa ce abin ya juye. Tun da sassafe jirage masu inji na ƙauyenmu suka yi lodi suka gangara ƙasa, ba a bar ko ɗaya ba. Rana ta ɗan ɗaga sai ga Inna a ƙofar gidana, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta shigo ba, ba ta yi sallama ba, ta ce wa ƙyaure a zo a ga malam. Na sami Baba zaune ya jingina da bango, ya miƙa wuya gaba. Kumburin ya zagaye ƙasan haɓa ya sauka har ƙashin wuya, harshe ya tasa sama ya cika baki, yawu na zuba don ba ya haɗiyuwa. Numfashinsa na fita da wani siririn fito. Mai kemis ya zo da gudu, ya duba, ya ce a tafi yanzu, kada a kwantar da shi, a zaune za a riƙe shi. Muka daddanna waya, babu sabis, tun da ruwa ya shiga wurin ƙarfen sabis, haka yake zuwa yana ɗaukewa. Na ruga mashigi. Ga jirgina a tudu, jirgin da ya fi kowane gudu a gulbin nan, ƙafarsa a gefe an rufe da buhu. Na tsaya ina kallonsa kamar wawa, ina lissafin abin da zan iya ɗaurawa a madadin gaɓar nan, alhali na san babu.

Ƙaramin kwalekwalen kamun kifi muka samu. Inna ta zauna a tsakiya ta jingina shi a ƙirjinta, ta yafa masa mayafinta saboda rana. Baffa a gaba, ni a baya, kowa da filafilin tuƙi. Niyyarmu mu kai mashigin da ke sama, inda ba a rasa mai inji. Wanda bai taɓa tuƙa jirgi yana fuskantar Kwara a shekarar ambaliya ba, ba zai gane ba. Ka tuƙa goma ruwa ya ƙwace bakwai. Muka bi gefe, ta cikin gonakin shinkafa da ruwa ya shanye, inda gorar tuƙi ke taɓa ƙasa, muna kama kan ciyawa muna ja. Rana ta take. Tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe, filafili ya yi santsi da jini. Baffa, dattijo da shi, yana tuƙi yana karanta duk addu’ar da ya sani, in numfashi ya yanke masa ya yi shiru ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ni ban yi addu’a ba, kunnena na kan fiton nan. Muddin ina jinsa, ina da ƙarfi.

A kwanar tsibirin yashi babu gefe, dole ka fito tsakiyar ruwa. Muka fito, ruwa ya mai da mu. Muka sake, ya sake mai da mu. A karo na gaba na miƙe tsaye na sa duk abin da Allah ya ba ni, ina ihu wa Baffa ya ja, ina zagin ruwa, har muka fara cin kwanar. Sai da muka kusa fita na lura ba na jin komai sai bugun filafili. Na ce a raina ƙarar ruwa ce ta rufe shi. Na ci gaba da tuƙi.

Inna ta ja mayafin ta rufe masa fuska gaba ɗaya. Ba ta waiwayo ba. Ta ce, da muryarta ta kullum:

“A bar tuƙin ga hakanan.”

Ban bari ba. Na yi ta tuƙi ni kaɗai, ina cewa saura kaɗan, ga mashigi can ana hango itatuwansa. Baffa ya ɗora filafilinsa a cinya ya yi inna lillahi. Da tuƙi ya zama na gefe ɗaya, kan kwalekwalen ya karkata, ruwa ya kama shi ya juya mu a hankali har muka fuskanci gida. Na zauna. Ba wanda ya sake sa filafili a ruwa. Tafiyar da muka yi tun hantsi har bayan azahar muna yi, ruwa ya mai da mu kafin a kira la’asar.